Ƙwallon Umdurman da gorin harshe

Ranar Laraba 18 ga watan Nuwamba na 2009, a filin wasa na ƙungiyar Al-Merrikh da ke Umdurman a ƙasar Sudan, ana saura minti biyar a tafi hutun rabin lokaci, Karim Ziyani ya ɗago ƙwallo daga nesa, Antar Yahya, wanda asalin aikinsa tsaron baya ne, ya ɗirka ta daga wata matsattsiyar kusurwa, ta wuce Isam al-Hadari ta shige raga. Ita kaɗai aka ci a wannan dare. Da ita Aljeriya ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta 2010, karo na farko tun 1986, Masar kuwa, mai riƙe da kofin Afirka a lokacin, ta koma gida hannu rabbana. Washegari gwamnatin Masar ta kira jakadanta da ke birnin Alje ya dawo gida. Kwana ɗaya tak ya raba shigar ƙwallo raga da kiran jakada, kuma abin da ya cike wannan tazara, ya cike makonnin da suka gabace ta, magana ce: ta gidajen talabijin, ta jaridu, ta masu mulki da ƴaƴansu.

Wannan ne ya sa rigimar ta cancanci shafi a mujallar masu nazarin harshe. An saba ɗora wa ƙwallon ƙafa laifin irin wannan tashin hankali, a ce wasa ne mai rura gaba tsakanin ƙasashe. Zargin ba sabo ba ne, domin tun a 1945, bayan rangadin da ƙungiyar Dinamo ta birnin Mosko ta yi a Birtaniya, marubuci George Orwell ya yi irin wannan ƙorafi. Amma duk wanda ya bi labarin Masar da Aljeriya daki-daki zai tarar minti casa'in na cikin fili su ne suka fi kowane lokaci tsabta a wannan makon. Ɓarnar da ta daɗe tana ciwo an yi ta ne da baki, kuma mafi munin ɓangarenta a kan harshe kansa aka yi shi.

Ga yadda abin ya faru a taƙaice. Ƙasashen biyu suna rukuni ɗaya da Zambiya da Ruwanda. A watan Yuni na 2009 Aljeriya ta ci Masar 3 da 1 a garin Bilida. Da aka zo wasan ƙarshe a Alƙahira, Masar tana bukatar tazarar ƙwallo uku ta wuce kai tsaye, ko ƙwallo biyu a yi wasan raba-gardama. Ranar 12 ga Nuwamba, a kan hanyar filin jirgi zuwa masauki, aka jefi motar ƴan wasan Aljeriya da duwatsu, gilasai suka farfashe, ƴan wasa suka ji rauni, daga cikinsu Khalid Lammushiya da Rafiƙ Halish, waɗanda suka shiga fili bayan kwana biyu da bandeji a ka. Wasu kafafen Masar suka ce Aljeriyawa ne suka fasa gilasan da kansu don su ɓata wa Masar suna. Ranar 14 ga wata Amr Zaki ya ci ta farko tun wasa bai yi minti uku ba, Imad Mut'ab ya ci ta biyu a minti na biyar na ƙarin lokaci. Aka tashi kowace ƙasa da maki 13, kowace ta ci 9 an ci ta 4. Babu abin da ya rage sai wasa na uku a ƙasar da ba ta kowa ba. Aljeriya ta zaɓi Tunisiya, Masar ta zaɓi Sudan, ƙuri'a ta faɗa kan Sudan.

A cikin kwanaki huɗu da suka biyo baya ne magana ta kuɓuce. Wata jaridar Aljeriya mai ɗimbin masu karatu ta buga cewa an kashe magoya bayan ƙasar a Alƙahira. Jakadan Aljeriya a can ya fito ya musanta, amma ƙaryar ta riga shi isa gida. Aka fasa ofishin kamfanin jiragen saman Masar a Alje, aka lalata ofisoshin Djezzy, kamfanin wayar salula wanda a lokacin mallakar Orascom ta Masar ne, ma'aikata Misirawa suka yi ta ficewa daga ƙasar. Hukumomin Sudan suka baza ƴan sanda kimanin 15,000 domin wasa guda. Bayan wasan aka jefi wasu motocin magoya bayan Masar, sai gidajen talabijin na Alƙahira suka kwana suna karɓar kiran waya suna ba da labari kamar ana yanka mutane a titunan Khartum, har gwamnatin Sudan ta kira jakadan Masar ta nuna masa ɓacin ranta. Daga baya, a watan Mayu na 2010, hukumar FIFA ta ci tarar Masar kuɗin Suwizalan faran 100,000 kan jifan motar, ta kuma umarce ta da ta buga wasanninta biyu na gida na share fagen gasar 2014 a wurin da ya kai nisan kilomita 100 daga Alƙahira. Hukuncin ya zo bayan wata shida, lokacin da babu wanda ke sauraro.

Tsohon miki ma yana nan. A ranar 17 ga Nuwamba na 1989 Masar ta ci Aljeriya 1 da nema a Alƙahira ta tafi gasar Italiya ta 1990. A hatsaniyar da ta biyo baya likitan ƙungiyar Masar ya rasa ido ɗaya, aka ɗora laifin kan Lakdar Bellumi, gwarzon ɗan wasan Afirka na 1981, wanda ya ci ƙwallon da ta kayar da Jamus ta Yamma a 1982. Kotun Masar ta yanke masa hukunci ba ya nan, ƴan sandan ƙasa da ƙasa suka ba da sammacin kama shi, shi kuwa bai taɓa amsa laifin ba. Shekara ashirin ya yi yana ɗari-ɗarin ƙetare iyaka, sai a watan Afrilu na 2009 aka janye sammacin, wata bakwai kafin jifan motar.

Hausa tana da arzikin da ɗalibin walwalar harshe ya kamata ya yi alfahari da shi a nan, wato yawan kalmomin da take rarrabe ayyukan baki da su. Akwai kirari, akwai cika baki, akwai ba'a, akwai habaici, akwai zambo, akwai gatse, akwai zagi, akwai gori. Bahaushe ba ya rikita su, kuma ya san wanda ake dariya a wuce da wanda ake kai ƙara gaban manya saboda shi. Idan aka auna maganganun Nuwamba na 2009 da wannan ma'auni, za a ga yadda suka yi ta hawa mataki-mataki. An fara da kirari da cika baki, abin da kowane mai goyon baya ke yi kafin wasa, kuma babu wanda ya taɓa mutuwa saboda shi. Aka shiga ba'a da zambo, a waƙoƙi da hotunan da matasa ke sakawa a YouTube da Facebook. Daga nan aka zarce zagi. Amma abin da ya kai jakada gida, ya sa ƙungiyoyin mawaƙa da ƴan fim suka yi ta shelar ƙaurace wa juna, shi ne gori.

Gori ya bambanta da zagi ta fuska ɗaya muhimmiya: zagi yana iya zama ƙarya tsagwaronta, gori kuwa da gaskiya ake yin sa. Mai gori yakan ɗauko alherin da ya taɓa yi, wanda babu mai musu a kai, ya mai da shi bulala. Kuma tsakanin Masar da Aljeriya akwai alheri mai yawa da za a ɗauko. Daga Alƙahira ne gidan rediyon Sautul Arab ya watsa sanarwar fara yaƙin ƴantar da Aljeriya a ranar 1 ga Nuwamba na 1954. A Alƙahira aka kafa gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya a watan Satumba na 1958. Goyon bayan da Gamal Abdul Nasir ya ba ƴan gwagwarmayar yana cikin dalilan da suka sa Faransa ta shiga harin Suwes na 1956. Kiɗan taken ƙasar Aljeriya, wanda ƴan wasanta suka tsaya suka rera a Umdurman, Bamisire ne, Muhammad Fauzi, ya tsara shi. Ta ɗaya ɓangaren, Aljeriya ta aika sojoji da jiragen yaƙi su taya Masar a yaƙin Oktoba na 1973. Duk wannan tarihi aka zazzage shi a gaban kyamara, kowa yana ƙirga abin da ya bayar, yana manta abin da ya karɓa. Daga Alƙahira ana cewa mu muka ƴanta ku; daga Alje ana cewa ku kuka sayar da Falasɗinu a Kam Debid. Aka taɓa shahidan Aljeriya, aka taɓa mutuncin matan Masar.

A cikin wannan tarin gori akwai guda da ya fi shafar wannan fanni. Bayan samun ƴancin kai a 1962, Aljeriya ta tarar shekara 132 na mulkin Faransa sun bar ta ba ta da isassun malaman da za su koyar da Larabci a makarantun boko, sai ta ɗauko malamai daga Masar da Siriya da wasu ƙasashen gabas. A 2009 wannan ma ya zama makami. Masu gabatar da shirye-shirye da baƙinsu suka riƙa cewa Aljeriyawa ba Larabawa ba ne, ba su iya Larabci ba, da Faransanci suke magana, Masar ce ta koya musu harshen da suke zaginta da shi. Aka kuma yi wasa da kalmar Barbar, sunan da baƙi suka laƙa wa Imazigan, aka jingina ta da dabbanci, kasancewar a Larabci, kamar a Faransanci, sautin kalmomin biyu yana kusa.

Wannan magana ta kasa tsayuwa ko ta wace fuska aka duba ta. Mai gabatar da shirin da ke gorin Larabci ba da Larabcin littafi yake gorin ba, da karin harshen Alƙahira yake yi, wanda shi ma ya yi nisa da fusaha nisan da ya sa Charles Ferguson, a maƙalarsa ta 1959 kan zaman harshe mai hawa biyu, ya ɗauki Larabcin Alƙahira cikin misalansa. Babu wanda uwarsa ta yi wa tawai da fusaha, a Alƙahira ko a Wahran. Abin da ke akwai shi ne rashin daidaito wajen fahimtar juna. Ɗan Aljeriya ya taso yana kallon fina-finan Masar yana jin mawaƙanta, saboda haka kunnensa ya saba da karin Masar. Bamisire bai taso da darijar Magrib ba, saboda haka idan ya ji ta sai ta yi masa nauyi, musamman da yake tana haɗiye gajerun wasula tana kuma ɗauke da kalmomin aro na Tamazik da Faransanci. Wanda ke jin harshe biyu shi ne wanda ya fi sani. Amma da yake ikon masana'antar fim da waƙa yana hannun ɗaya ɓangaren, sai rashin jin nasa ya koma hujjar cewa ɗan'uwansa ne bai iya magana ba. Duk ɗalibin da ya taɓa jin an ce Hausar Adar ko ta Arewa ko ta Gobir ba Hausa ce ta ƙwarai ba, domin kawai ba ita ake ji a fina-finan Kano ba, ya san wannan lissafi tun kafin ya karanta shi a littafi.

Kuma gorin ya faɗa ne daidai kan gyambo. Batun harshe a Aljeriya ba abin wasa ba ne: an yi zanga-zanga a yankin Kabiliya a 1980 a kansa, an zubar da jini a 2001, sai a 2002 aka amince da Tamazik a matsayin harshen ƙasa, ba ta zama harshen hukuma ba sai 2016. A ce wa irin wannan al'umma ba ta da harshe, an taɓa abin da ita kanta ba ta gama sasantawa a cikin gida ba. Martanin da ya fito daga wasu matasan Aljeriya shi ne su karɓi zagin su mai da shi riga, su ce to, mu ba Larabawa ba ne, Imazigan ne, sai me? Abin dariya ma shi ne sanannen taken da magoya bayan ƙungiyar ke rerawa, wanda ya cika titunan Alje da Marsai a daren 18 ga Nuwamba: ƙirgensa da Ingilishi ne, sunan ƙasar da Faransanci, babu kalmar Larabci ko ɗaya a ciki. Masu gori sun ɗauke shi hujja. Mai nazarin harshe zai ɗauke shi shaidar cewa kishin ƙasa ba ya jiran izinin majalisar daidaita harshe kafin ya buɗe baki.

Akwai masu ganin maganin wannan cuta shi ne a tsarkake bakin masu sharhin wasanni daga kalmomin yaƙi. Sukan kafa hujja da littafin George Lakoff da Mark Johnson na 1980, wanda ya nuna siffantawa ba ado kaɗai ba ce, tana tsara yadda mutum ke tunani. Sai su ce muddin ana kiran wasa da sunan gumurzu, ana kai hari, ana tsaron gida, ana lallasa abokin karawa, to dole wata rana a ɗauki dutse. Hujjar tana da kyan gani, amma ba ta da ƙafa. Hausar ƙwallo cike take da irin waɗannan kalmomi: an doke, an casa, an ragargaza, an sha kashi, an yi wa wance dukan kawo wuƙa. Aikatau ɗin da ke tsakiyar wasan ma, wato ci, shi ne dai wanda ake cin gari da yaƙi da shi. Amma shi ne kuma ake cin tuwo, a ci kasuwa, a ci jarrabawa, a ci sarauta, a ci amana da shi. Wanda ya ji an ce Barselona ta ci Madrid ba ya hango takobi, kamar yadda wanda ya ji an ci kasuwar Maraɗi ba ya hango cokali. Kowane dare na ƙarshen mako, a gidajen kallon ƙwallo na Yamai da Damagaram, ana lallasa ƙungiyoyi da baki, a tashi a sha shayi a fada ɗaya. Da kalmar lallasa tana kisa, da tuni unguwanni sun ƙare.

Wurin da ya kamata a sa ido ya fi wannan ɓoyuwa, kuma yana cikin nahawu. Idan aka ce Masar ta ci Aljeriya, an kira mutum goma sha ɗaya da sunan ƙasa guda, kuma kowa ya san aro ne aka yi na minti casa'in. Haka wakilin suna mu a bakin mai kallo: mun ci, alhali yana zaune kan benci bai taɓa ƙwallo ba. Wannan aron shi ne daɗin wasan, bai kamata a hana shi ba. Haɗarin yana farawa ne lokacin da aka ƙi mayar da aron bayan an busa tashi, jumla ta tashi daga shuɗaɗɗen lokaci mai ba da labarin abin da ya faru, ta koma jumlar da ba ta da lokaci, mai yanke hukunci kan ɗabi'a. Wasu matasa sun jefi mota: wannan labari ne, yana da rana da wuri, ana iya bincikensa, ana iya kama masu laifi. Misirawa maƙaryata ne, Aljeriyawa ƴan ta'adda ne: wannan ba shi da rana, ba shi da wuri, babu shaidar da za ta rushe shi, kuma ya haɗa da jaririn da aka haifa jiya. Tazarar da ke tsakanin jumlolin biyu ƴar ƙarama ce a rubuce, ɗan ne ɗin nan da faɗuwar kalmar wasu. A kan wannan ƴar tazara aka ƙona ofisoshi.

Wa ya amfana? A 2009 Husni Mubarak yana shekara ta 28 a kan mulki, ƙasar tana cike da raɗe-raɗin zai gadar wa ɗansa Gamal kujera. Gamal da wansa Ala duka sun je Umdurman, kuma bayan an dawo Ala ya buga waya gidan talabijin yana zazzaga wa Aljeriyawa baƙaƙen maganganu, jama'a suna yaba masa. Mubarak kansa ya tsaya gaban majalisa ranar 21 ga wata yana cewa Masar ba za ta lamunci a taɓa mutuncin ƴaƴanta ba. A Alje kuma Abdul'aziz Buteflika bai daɗe da gyara kundin tsarin mulki ya zarce wa'adi na uku ba, gwamnatinsa ta karya kuɗin jirgi aka yi ta kwasar matasa zuwa Khartum. Ba dole ne a ce shugabannin biyu sun ƙulla rigimar ba. Ya isa a lura cewa babu wanda ya yi gaggawar kashe ta, kuma a ƙasashen da taron mutum hamsin ke bukatar izini, an bar dubban ɗaruruwa sun cika tituna muddin tuta suke ɗagawa. Irin wannan aka gani a 1969 tsakanin Salbado da Honduras, yaƙin kwana huɗu da har yau ake kira yaƙin ƙwallo, alhali tushensa rikicin gonaki ne da korar baƙin manoma ƴan Salbado. Sunan da aka laƙa wa yaƙin ya wanke masu gonakin, ya bar ƙwallo da jini a riga.

Sai dai wanda ya ce jama'a tumaki ne aka kaɗa, shi ma bai faɗi daidai ba, kuma abin da ya biyo baya ya ƙaryata shi. Wata goma sha huɗu bayan Umdurman, matasan da suka koyi haɗa murya da tsayuwa gaban ƴan sanda a filayen wasa, magoya bayan Al-Ahli da Zamalik, suna cikin waɗanda suka riƙe dandalin Tahrir har Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu na 2011. A 2019 waƙoƙin da aka fara rerawa a filayen ƙwallon Alje su ne suka fito titi, Buteflika ya yi murabus ranar 2 ga Afrilu. Filin wasa makaranta ce ta magana da murya ɗaya, kuma mai mulkin da ya tura yara can don su manta da shi ba shi da tabbacin darasin da za su ɗauko.

A nan ne sirrin farin jinin wasan yake, kuma shi ne dalilin da ya sa shawarar raba ƙwallo da kishin ƙasa ba za ta taɓa karɓuwa ba. A wane fage ne kuma ƙasa matalauciya za ta tsaya gaban babba da adadin mutane ɗaya, doka ɗaya, lokaci ɗaya? Mutanen Nijar ba sa bukatar a ba su labari. Ranar 10 ga Oktoba na 2010, ƙasa da shekara guda bayan Umdurman, wannan Masar ɗin dai, wadda ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, ta kuma rama wa Aljeriya da ci 4 da nema a Angola, ta zo filin wasa na Janar Saini Kunce, Musa Ma'azu ya ci ta ƙwallo ɗaya, Mena ta riƙe har aka tashi. Wannan nasara tana cikin abin da ya kai Nijar gasar kofin Afirka karo na farko a 2012, Masar kuwa ba ta je ba. An yi murna, an yi kirari, an yi ba'a iya son rai, babu jakadan da ya haɗa kaya. Ƙwallon iri ɗaya ce da ta Antar Yahya, zafin kayen ma bai gaza ba. Abin da babu shi ne tsohon bashin alheri da za a yi gori da shi, da gidajen talabijin masu kwana suna hura wuta.

Ƙasar da ta san wasan barkwanci tsakanin ƙabilu da tsakanin taubasai, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2014 da sunan Nijar, ta san cewa kalma ɗaya tana iya zama zumunci ko ta zama faɗa, ya danganta da wanda ya faɗe ta da yarjejeniyar da ke tsakani. Bagobiri da Bazabarme suna jifan juna da maganar da baƙo zai ɗauka za a zare wuƙa, amma akwai iyakar da kowa ya sani, kuma ba a shiga wasan da niyyar a bar tabo. Hamayyar ƙwallo tsakanin ƙasashe wani irin wasan taubasai ne da ba shi da dattawan da ke tsare iyakarsa. A zamanin nan waɗanda suka gaji kujerar dattawan, ko sun sani ko ba su sani ba, su ne masu riƙe da makirfo.

Da yawa daga masu karatun sashen harsuna a gidajen rediyo za su ƙare, wasu ma tun yanzu suna fassara labarin wasanni daga Faransanci zuwa Hausa ko Zabarmanci da safe kafin su shiga aji. Muhawarar da aka fi yi da su ita ce ta kalmomi: a ce arbit ko alƙalin wasa, a ce balo ko ƙwallo ko tamola, a ce fenariti ko bugun daga kai sai mai tsaron gida. Muhawara ce mai amfani, amma ba a taɓa fasa shagon kowa saboda an ce arbit ba. Abin da ya fi cancantar awa guda a aji shi ne a ɗauko naɗaɗɗen sharhin wasa na gaske, a bi shi jumla-jumla, a nemo inda aka ce ya koma an tabbatar, inda wasu magoya baya suka koma mutanen ƙasa kaza, inda labari ya koma hukunci. Hausa tana da wai, ƴar kalma mai harafi uku da ke raba abin da mai magana ya gani da abin da ya ji. Da jaridar nan ta Alje ta yi aiki da makamanciyarta, ko ta jira jakadanta ya yi magana, da wataƙila ma'aikatan Djezzy sun kwana a gidajensu. Amma wai ma ba ta wanke mai yaɗa ƙarya, domin mai sauraro yakan zubar da ita a hanya ya isar da sauran.

Rigimar ba ta ƙare da taron sulhu ba, duk da tayin shiga tsakani da Mu'ammar Gaddafi ya yi. A watan Yuli na 2010 ɗan'uwan Buteflika ya rasu, Mubarak ya hau jirgi ya je Alje gaisuwar ta'aziyya, aka ɗauki hotonsu suna rungume da juna. Shekara tara bayan haka, ranar 19 ga Yuli na 2019, Aljeriya ta ci Senegal 1 da nema ta ɗaga kofin Afirka a babban filin wasa na Alƙahira, filin da Lammushiya da Halish suka shiga da bandeji a ka. Mubarak yana gida ba shi da mulki, Buteflika ma haka, aka kaɗa taken da Muhammad Fauzi ya tsara kiɗansa, ƴan wasan suka rera shi da fusaha.